Yara da Na'urorin Zamani a Ƙofar Marusa: Hani ko Jagora?

Gabatarwa

Ƙofar Marusa ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, kamar Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi. A yau sunan ƙofar ya zama sunan unguwa mai yawan jama'a. Duk wanda ya ratsa irin wannan unguwa bayan sallar isha zai ci karo da abubuwa uku. Zai ga dattawa a majalisa suna hira, zai ji hayaniyar samari daga gidan kallon ƙwallo ko gidan gem, sannan zai ga wani yaro ya raɓe a gindin katanga shi kaɗai, hasken waya ya haske masa fuska.

Ra'ayoyin jama'a game da waɗannan abubuwa sun kasu. Wasu iyaye na ganin waya da gem da wasannin talabijin su ne suka lalata tarbiyya, don haka a ƙwace wayoyin, a kuma rufe gidajen gem. Samari kuwa cewa suke yi zamani ne ya zo, kuma idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Wannan muƙala tana da ra'ayin cewa kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ne kawai. Abin da ya fi cutar da yaro shi ne kaɗaicin da yake kallo a cikinsa, da rashin babba a kusa da shi, kuma maganin wannan jagora ne, domin hani ba zai yi tasiri ba.

Baƙon Abu a Ƙasar Hausa

Ba yau aka fara ɗari-ɗari da baƙon abu ba. Lokacin da aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, iyaye da yawa a ƙasar Hausa suna ƙyamar ilimin boko, amma daga wannan makaranta aka sami irin su Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, littattafan da har yau ake koyar da Hausa da su. Haka rediyo ya sha zargi, haka silima, haka talabijin. Da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, aka buɗe babin finafinan bidiyo na Hausa, ƙorafi ya yi yawa har gwamnatin Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. A wannan shekarar ce kuma wayar salula ta shigo Nijeriya.

Wannan tarihi yana nuna cewa duk abin da jama'a suka ga amfaninsa, hani ba ya korar sa. Sai dai kuskure ne a ce tunda an yi zargin rediyo bai kuma yi ɓarna ba, to waya ma haka take. Akwai bambanci na asali tsakanin kallon jiya da na yau, kuma sai an gane shi kafin a san abin yi.

Kallon Jiya da Kallon Yau

Kafin zuwan talabijin, dandali shi ne wurin nishaɗin yara. Maza su yi langa, mata su yi gaɗa, idan dare ya yi nisa a koma gida wurin kaka a saurari tatsuniya da kacici-kacici. A nan yaro yake koyon jera magana da karin magana da haƙurin sauraro. Duk abin da ya ji, ya ji shi ne a gaban jama'a.

Talabijin ta rage wa dandali armashi, amma ba ta kashe taruwa ba. Bayan kafa hukumar NTA a 1977, da buɗe tashar CTV ta Kano a farkon shekarun 1980, gidajen da ke da akwatin talabijin ƙalilan ne a kowace unguwa. Yaran maƙwabta sukan cika tsakar gida don kallon Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ko wasannin Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, irin su Karambana da Gagarau. Wannan kallo yana da shinge uku. Na farko, lokacinsa ƙayyadadde ne, domin tasha ba ta buɗewa sai da yamma, kuma tana rufewa idan dare ya raba. Na biyu, da manya ake yin sa, idan wani abu ya gitta wanda bai dace ba, nan take wani zai tsawata ko ya yi bayani. Na uku, washegari akan tattauna abin da aka gani, a kwaikwayi Hausar barikin Samanja, a yi dariya, a fitar da darasi.

Waya ta rushe shingayen nan duka. Ba ta da lokacin buɗewa ko na rufewa. Allonta na mutum ɗaya ne, sautinta kuma yana shiga kunne ɗaya. Shafuka irin su TikTok da YouTube da Facebook an tsara su ne ta yadda idan bidiyo ɗaya ya ƙare wani zai biyo baya, gwargwadon abin da mai kallo ya nuna sha'awa a kai. Ke nan yaro zai iya kwana yana kallo a ɗakin da mahaifinsa yake barci, ba tare da mahaifin ya san abin da ya shiga kansa ba.

Gidan Gem

Gidan gem shi ne ya fi shan suka a bakin iyaye, wataƙila don shi ne ake gani a fili. A can yara da samari suke biyan kuɗi su buga ƙwallon ƙafa a na'urar PlayStation, biyu suna bugawa, goma suna kallo suna ihu. Ƙorafin iyaye yana da tushe. Akwai yaron da zai fita da sunan zuwa Islamiyya ya ɓige a can. Akwai wanda zai taɓa kuɗin aike don ya biya wasa. Mafi muni shi ne inda wasa ya rikiɗe ya koma caca, wadda addini da al'ada suka haramta.

Masana lafiya ma ba su ɗauki abin da wasa ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtukan da ta sani. Amma yana da kyau a lura da sharaɗin da ta gindaya. Ba a cewa mutum ya kamu sai ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da illar da yake gani, kuma galibi sai an ga hakan ya ɗauki kimanin shekara guda. Hukumar ta bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasan suke kaiwa wannan matsayi. Saboda haka ba adalci ba ne a ɗauki kowane yaro mai buga gem a matsayin ɓatacce.

Idan aka duba da kyau ma, gidan gem ya fi kusa da dandali a kan waya. A fili yake, yara suna haɗuwa, suna jiran layi, suna koyon cin nasara da shan kaye, kamar yadda dattawa suke yi a wurin dara. Uba zai iya leƙawa ya ga ɗansa. Idan aka rufe gidan, wasan ba zai mutu ba, zai koma cikin waya ne, a cikin ɗaki, inda babu mai leƙawa.

Abin da Hani Yake Jawowa

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗaya ta kwamfuta. Yaron da aka hana taɓa kowace na'ura har ya gama sakandare, ranar jarrabawa ce zai fara neman inda harufa suke, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Rajistar makaranta da duba sakamako da neman aiki da tura kuɗi duk sun koma intanet.

Bugu da ƙari, harshen Hausa kansa yana cikin waɗannan na'urori. Tun 2013 manhajar fassara ta Google ta shigar da Hausa. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta fito da wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, waɗanda suka sake tara iyalai a gaban allo ɗaya. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suka yaɗu tun 2022 suna amsa tambaya da Hausa, ko da yake sukan yi kuskure kuma su faɗe shi da ƙarfin hali. Wanda zai gane kuskuren shi ne wanda ya san harshen, ya kuma san na'urar. Idan 'ya'yan Hausawa suka tsaya a gefe, wasu ne za su tsara yadda Hausa za ta kasance a can.

Mafita

Nauyi na farko yana kan iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allo, wanda yake tsakanin shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Uwar da take miƙa wa jariri waya don ya yi shiru ta sami hutu na ɗan lokaci, amma ta rage masa hirar da yake koyon magana da ita. Ga manyan yara, ya kamata waya ta kwana a wurin iyaye, kallo kuma ya dawo tsakar gida. Uban da yake latsa waya a kan tabarmar cin abinci ba shi da bakin hana ɗansa.

Nauyi na biyu yana kan unguwa. Mai unguwa da limami da iyaye za su iya zama da masu gidajen gem a yi yarjejeniya: ba a karɓar yaro a lokacin makaranta ko Islamiyya, a tsayar da wasa lokacin salla, a rufe da wuri, kuma babu caca. Mai gidan gem ɗan unguwa ne da yake neman abinci, ya fi sauƙin jawowa a kan kamfanin da ke wata ƙasa.

Nauyi na uku yana kan malami, musamman malamin Hausa. Ɗalibai sun riga sun kalli Labarina da Daɗin Kowa, don haka a yi amfani da su a aji. A sa su fitar da jigo da zubi da halayen taurari, a kwatanta da wasan kwaikwayo na littafi. A sa su nemo karin maganar da aka yi amfani da ita, su gyara ƙa'idar rubutun saƙonnin da suke aika wa juna, inda ƙ da ɗ da ɓ suke ɓacewa. A ba su aikin ɗaukar tatsuniya daga bakin kakanninsu da waya, su kawo aji a rubuta ta. Ta haka na'urar da ta raba jika da kaka za ta mayar da shi gabanta.

Kammalawa

Ganuwar Katsina ba don a toshe gari aka gina ta ba, shi ya sa aka yi mata ƙofofi, kowace da mai tsaronta wanda ya san mai shiga da mai fita. Waya da gem da talabijin sun riga sun shigo Ƙofar Marusa, kuma babu alamar za su fita. Abin da ya rage shi ne a sami mai tsaron ƙofa a gida da unguwa da makaranta, tun yara suna ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.