A kafa asusun diyya kafin a ba da lasisi

Tun da Ministan Ma'adanai, Dele Alake, ya ɗage haramcin haƙar ma'adanai a Zamfara a watan Disambar 2024, muke kasa kunne mu ji abin da aka tanadar wa waɗanda aikin zai kassara. Abin da muka ji shi ne kuɗin shiga, da masu zuba jari, da cewa tsaro ya inganta. Ba a yi wata biyar ba gubar dalma ta sake ɓulla a Bungudu, ma'aikatar ta umarci masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba su tattara nasu ya nasu. Maganar diyya ko da wasa ba ta fito ba.

Kowa ya san abin da ya faru a 2010 a Anka da Bukkuyum. Yara sama da 400 aka binne. A Dareta da 'Yargalma, kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda, domin a tsakar gida ake daka dutsen zinare mai ɗauke da dalma, a turmin da ake surfe, a kuma niƙa shi a injin da ake niƙa dawa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta gano masifar, ita ce kuma ta yi wa dubban yara magani har ta miƙa aikin ga hukuma a 2022. Gwamnatin tarayya kuwa ta yi alkawarin naira miliyan 850, ta zauna a kan kuɗin, yaran ƙauyen Bagega suna jira, har sai da matasa suka yi mata ca a intanet kafin ta saki kuɗi a farkon 2013. Bayan shekara biyu aka sake binne yara 28 a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a kan dalmar dai.

Kuɗin nan na kwashe gurɓatacciyar ƙasa ne da sayen magani. Ba a kafa wani asusu don iyayen da suka rasa 'ya'ya ba, balle yaran da suka rayu. Waɗannan yanzu samari ne da 'yan mata, kuma ɓarnar da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. Akwai wanda ya makance, akwai wanda karatu ba ya shiga kansa, akwai wanda har gobe sai an ba shi abinci a baki. Nauyinsu yana kan iyayen da 'yan bindiga suka hana noma.

Za a ce mana masu haƙar ba su da lasisi, su suka kai dutsen gidajensu, kuma babu kamfanin da za a kama. Yarinya 'yar shekara biyu da ke rarrafe a tsakar gida ba ta haƙi komai ba. Kundin tsarin mulki ya ce duk arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, shi ya sa gwamna ba ya iya ba da lasisi ko a mahaifarsa. To, wanda ya ce zinaren nasa ne, dalmar da ke cikin dutsen ma tasa ce. Ba za a yi ta tattara arzikin a Abuja ana bar wa dagaci haƙa kaburbura ba.

Dalilin da ya sa muka nace sai an ajiye kuɗin diyya tun kafin diga ta taɓa ƙasa yana cikin labarin asbesto, ma'adinin nan mai zare-zare da aka daɗe ana yin silin da kwanon rufi da bututun ruwa da shi. Ƙurarsa ba ta kisa nan take. Takan maƙale a huhu shekara 20, 30, har 40, kafin ta zama sankara ko ta sandarar da huhun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum sama da 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙar ta a wurin aiki. A garin Libby da ke jihar Montana ta Amurka, kamfanin W.R. Grace ma ba asbesto yake haƙa ba. Wani ma'adini ne da ake shimfiɗawa a rufin gidaje don tare sanyi, ashe asbesto ya cuɗanya da shi tun daga cikin dutse, aka yi ta sayar da shi ga gidaje a faɗin ƙasar. An rufe mahaƙar a 1990. Sai a 1999 'yan jarida suka fallasa yawan mutuwar, ba ma'aikata kaɗai ba, har matan da ke wanke musu kayan aiki. A 2001 kamfanin ya garzaya kotu ya ce ya karye. Sai a 2009 gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiyar garin, a shekarar da kotu ta wanke shugabannin kamfanin da aka gurfanar. Wannan fa a Amurka, inda lauya ya fi likita yawa.

A Afirka ta Kudu, ma'aikatan kamfanin asbesto na Cape sai da suka bi shi har Ingila. Kotun ƙolin can ta yarda a saurari ƙarar a shekarar 2000, aka sasanta a 2003 a kan fam miliyan 7.5 ga mutum kusan 7,500. A raba a gani: fam dubu ɗaya ke nan kuɗin huhun mutum guda, kuma da dama sun riga mu gidan gaskiya kafin kuɗin ya iso.

Mu Kanawa ba sai an ba mu labarin jiran diyya ba. A 1996 Pfizer ya sa yara 200 a gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana lokacin annobar sanƙarau, 11 suka rasu. Sai a 2009 aka yi sulhun dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi nasu, bayan an sa iyaye gwajin ƙwayar halitta don su tabbatar 'ya'yansu ne suka mutu. Shekara 15 ke nan, alhali akwai kamfani mai suna da adireshi, akwai gwamnatin jiha a gaba. Ina ga wanda ya yi wa dillalin da ko sunansa na gaskiya bai sani ba aiki a rami?

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kanon kudu ƙasar duwatsu ce. Ana ta zawarcin masu kuɗi su dawo Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Daga Dawaki zuwa Rano zuwa Kibiya, da an gama girbi samari kan kama hanyar ci-rani, wasu ramin zinare suke nufa, wasu wurin fasa dutse. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin fasa dutse ya ga yadda suke: gashin ido fari fat, tsumma a baki, ga mai tallar abinci da goyo a gefe tana kaɗe ƙura daga murfin roba. Bayan shekaru sai tari ya kama mutum, a ba shi maganin tarin fuka wata shida, bai ji sauƙi ba, a ce sammu ne. Ba wanda ya rubuta inda ya yi aiki, saboda haka ranar neman haƙƙi ba shi da ko takarda ɗaya. Kada mu manta da tsofaffin makarantun firamare da silin asbestonsu ya rufto. Ɗan kwangilar gyara yakan sa guduma ya farfashe shi, ɗalibai su share ajin da tsintsiya, a zubar da ɓaraguzan bayan katanga inda yara ke wasa.

Dokoki suna nan, amma ba su kai ga waɗannan mutane ba. Dokar ma'adanai ta 2007 ta tanadi asusun gyaran muhalli, wanda na cike rami ne da maido da gona, ba na jinyar mutum ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai aiki ya zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansa ga hukumar NSITF, amma mai ɗaukar buhun dutse a biya shi da yamma ba ya cikin rajistar kowa.

Abin da muke nema bai da wuyar fahimta. Duk wanda zai karɓi lasisin haƙa, ko na sayen abin da aka haƙo, ya fara zuba kuɗi a asusun diyya da ba ya hannunsa, wanda zai tsaya ko kamfanin ya karye ko ya canja suna. A gwada dutsen kowace mahaƙa, a liƙa sakamakon da Hausa a ƙofar fadar hakimi. A rubuta sunan kowane lebura, a ɗauki hoton ƙirjinsa tun ranar farko. Asusun kuma ya fara biya daga Bagega, da Dareta, da 'Yargalma, da Shikira, domin bashinsu ya riga na kowa.

Gwamnatin Kano ba ta ba da lasisi, amma filin da za a haƙa yana hannunta, kuma doka ta ce sai kamfani ya ƙulla yarjejeniya da mutanen gari kafin ya fara aiki. Muna kira ga masarautar Rano da hakimanta kada su sa hannu a takardar da ba ta faɗi wanda zai biya kuɗin asibiti bayan shekara 20 ba, ko da an haɗa ta da rijiyar burtsatse da kujerar Makka. Wakilan Rano, Kibiya da Bunkure a majalisar tarayya kuma su kai ƙudirin asusun nan zaure a wannan zangon, su karanto shi da sunayensu.