Kalmar “promote” ba kafin alƙalami ba ce

Jama'a, akwai wata kalmar Turanci da muke karo da ita kusan kullum a gidan rediyo, duk lokacin da aka kawo mana takardar sanarwa daga ofis aka ce mu juya ta Hausa kafin labaran yamma. Kalmar ita ce “promote”. Idan ba ita ba, to 'yan'uwanta ne: “advance”, “foster”, “boost”, “encourage”. Mun daɗe muna cewa “bunƙasa” ko “haɓaka” ko “ciyar da gaba” mu wuce, amma yau muna ganin wannan fassara tamu tana cutar ɗan kasuwa, kuma da hannunmu a ciki.

A bakin Bature kalmar tana da fuska uku. Idan aka yi wa ma'aikaci ƙarin girma, ita ce. Idan kamfanin waya ya rage kuɗin kira na mako guda don ya ja masu saye, wato abin da yara ke kira furomo, ita ce. Ta uku ita ce ta manyan takardu, inda ake cewa gwamnati za ta mara wa wani abu baya. Fuskar farko da ta biyu ana iya ƙirga su: albashi ya ƙaru, ko kati ya yi araha. Ta uku kuwa niyya ce kawai, ba ta ɗaure kowa da komai ba. Wanda ya tara mutane a otal ya raba ruwan leda da alƙalami ya yi jawabi, shi ma ya yi “promote”, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya.

To ga inda gizo ke saƙa. “Bunƙasa” a Hausa tana nufin abu ya girma har ido ya gani. Idan muka ce kasuwar Aboabo ta bunƙasa, rumfuna ne suka ƙaru, motocin masara da doya suka yi layi. Saboda haka duk ranar da muka ɗauki niyyar ofis muka sa mata rigar “bunƙasa”, mai sauraro a Paga ko Bawku ko Hamile yana jin alkawarin da ba a yi masa ba. Wani mai sayar da albasa ya taɓa bugo waya a shirinmu yana tambaya nawa wannan bunƙasar za ta rage masa a kan buhu. Ba mu da amsa, domin takardar da ke gabanmu ba ta da lamba ko ɗaya.

“Advance” ta fi ban dariya. A kasuwa kowa ya san adibas: kafin alƙalami ne, kuɗi a hannu, ka ba direba ya sayi mai kafin ya tashi daga Galmi. In ya karɓa bai zo ba, akwai sarkin tasha, akwai shaidu. Amma idan babban mutum ya ce zai yi “advance” ɗin cinikin kan iyaka, ba wanda ya karɓi ko kwabo, kuma ba inda za a kai ƙara.

Mu duba misalin da ya fi shafarmu. A 2013 majalisar Ghana ta yi dokar cibiyar jawo masu zuba jari, wadda ake kira GIPC, kuma harafin P ɗin nan na tsakiya daga wannan kalma ya fito. Mai jin sunan zai ɗauka ƙofa aka buɗe wa kowa. Amma dokar ta keɓe ciniki a cikin kasuwa, da talla, da sayarwa a rumfa ga 'yan ƙasa kaɗai, ta kuma ce baƙon da ke son harkar saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan 1 ya ɗauki 'yan Ghana 20 aiki. Dokar 1994 da ta gabace ta dala 300,000 ta nema. A kan wannan ne ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta kafa hujja a 2019 lokacin da aka garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Suame ta Kumasi da kuma Accra. Ba muna cewa ƙasa ba ta da ikon kare 'ya'yanta ba ne. Abin da muke cewa shi ne, sunan doka na iya cewa “ci gaba” alhali sassanta na cewa “an hana”, kuma sassan ne ake karanta wa mutum ranar da aka zo da kwaɗo. Yawancinmu a Zangon Tamale nan aka haife mu, nan aka haifi iyayenmu, amma abokan cinikinmu na Maraɗi da Sakkwato fa? Tsofaffinmu kuma ba su manta da korar baƙi ta 1969 a zamanin Busia ba, shi ya sa irin wannan magana ba ta zama wasa a wurinmu.

Mu a Arewa mun ma ga wadda ta fi “promote” zafi. A 2010 aka kafa SADA, hukumar da sunanta ya ce za ta raya yankin nan cikin gaggawa. Miliyoyin sidi suka tafi a kiwon zabbi da dashen itatuwa, har aka riƙa barkwanci cewa zabbin sun tashi sun tsallaka Burkina. A 2017 aka maye gurbinta da wata hukumar.

Yanzu a kwatanta da kalmomin da ke da haƙora. Yarjejeniyar da ta kafa ECOWAS a Legas a 1975 ita ma da niyyar ƙarfafa haɗin kai ta fara. Amma abin da ya amfani matafiyi shi ne ƙa'idar 1979, wadda ta ce ɗan ƙungiyar zai shiga ƙasar ɗan'uwansa ba biza ya zauna har kwana 90. Wannan lamba ce, ana iya nuna ta ga jami'i. Haka tsarin sassauta ciniki na ƙungiyar ya yafe kuɗin fito a kan amfanin gona da dabbobi da aikin hannu na yankin. “An yafe”, “an soke”, “ba a biya”: waɗannan su ne kalmomin da ɗan kasuwa zai riƙe. Ko su ma ba su hana Nijeriya rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba, balle kalmar da ba ta ɗaure kowa ba. Da Nijar da Burkina da Mali suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sanarwar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da kayansu kamar da, har sai an sake sanarwa. Wanda ke loda albasa ya bi ta Kulungugu, wannan “har sai” ɗin ita ce ya kamata ta hana shi barci.

Wani zai ce ai niyya ma abu ce, daga ita ake farawa. Gaskiya ne, kuma ba mu raina ta ba. Hedikwatar yarjejeniyar ciniki ta Afirka baki ɗaya tana Accra tun 2020, kuma muna fata ta haifi ɗa mai ido. Amma kada kowa ya ci bashin banki ko ya kwashe adashi ya ƙara mota saboda ya ji a rediyo za a “bunƙasa” cinikin kan iyaka. A fara tambaya: wane haraji aka cire, daga wace rana, shinge nawa aka ɗauke tsakanin Tamale da Paga, kuma wace takarda za a nuna.

Mu kuma a namu ɓangaren mun yanke shawara. Idan sanarwa ta zo da “promote” ba lamba ba rana, za mu ce “sun ce suna goyon baya” ko “sun ce za su ƙarfafa gwiwa”. “Bunƙasa” za mu ajiye ta sai an kawo mana lissafi. Shugabannin ƙungiyoyin albasa da goro da shanu da ake gayyata tarurrukan nan, muna roƙonku ku riƙa karɓo takardar da kanta ku kawo mana, mu karanta ta sashe-sashe a shirin kasuwa, da Hausa da Dagbanci.