Ba Laifin Damina Ba Ne

A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, akwai wani abin kunya da ya zama ruwan dare, har ido ya saba da shi. Mutum ya kan yi shekaru yana tari, ya gina gida, sa'an nan ya ce bari ya yi daɓen siminti daga bakin titi zuwa ƙofar gidansa, domin mota ko babur su shiga ba tare da sun kafe cikin rairayi ko taɓo ba. Ya kan kira ɗan kwangila, a yi ciniki, a biya. Ranar da aka gama, daɓe yana sheƙi, maƙwabta suna zuwa barka. Kafin damina ɗaya ta wuce, daɓen nan ya tsattsage kamar bayan kunkuru, gefensa ya ɓarɓashe, tsakiyarsa ta lotsa, ruwa kuwa maimakon ya gangara titi sai ya koma cikin zaure. In an nemi ɗan kwangila, wayarsa a kashe. In an yi sa'a an same shi, amsarsa ɗaya ce: "Maigida, ruwan bana ne ya yi yawa, sai haƙuri."

Wannan amsa ƙarya ce, ya kamata kuwa a kira ta da sunanta.

Ba wanda ya ke musun cewa ruwa yana ɓarna. Daminar 2024 ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta rushe dubban gidaje, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Amma waɗannan yawancinsu gine-ginen ƙasa ne. Kankare dabam ne. Ƙafafun gadar Kennedy suna tsaye cikin kogin Isa a Yamai tun 1970, dare da rana cikin ruwa, ba su narke ba. Kankaren da aka kwaɓa bisa ƙa'ida ba ya tsoron ruwa, ruwa ma abincinsa ne. Idan daɓen wata shida ya farfashe, damina ba ta yi kome ba sai tonon asiri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Inda a ke cin kuɗin

Sata ta fari a ƙarƙashi ta ke, inda ido ba ya gani. Kafin a zuba kankare, wajibi ne a kwashe ƙasar sama mai taushi da saiwoyi, a zuba marmara kaurin santimita 10 zuwa 15, a yayyafa ruwa, a daddaɓe ta sarai har ta kama. Wannan aiki yana cin kwana, yana cin kuɗin mota da na lebura, ba ya kuma bayyana a ranar barka. Domin haka shi ne abin da maƙetacin ɗan kwangila ya kan fara tsallakewa. Ya share rairayi da shebur, ya zuba kankare a bisa. Ruwa na fari ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashi, daɓe ya zauna bisa rami, ƙafar mota ta hau, shi ke nan.

Sata ta biyu a kauri ta ke da kwaɓi. Hanyar da ƙaramar mota za ta bi tana bukatar kaurin santimita 10. In manyan motoci ne, 15. Kwaɓi mai kyau kuwa, buhun siminti ɗaya na kilo 50 ya kan ɗauki wajen baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa, watau buhu 7 cikin kowace mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi daidai. Mai karatu ya ɗauki alƙalami ya yi lissafi. Hanya mai tsawon mita 10 da faɗin mita 3, in an yi ta da kaurin santimita 10, za ta ci buhu 21. Idan ɗan kwangila ya mai da kaurin santimita 5, ya kuma tsawaita kwaɓin har buhu 4 ya tsaya a matsayin 7, buhu 6 kaɗai zai zuba. Buhu 15 sun bi iska. A watan Oktoba na 2024, bayan ambaliya, gwamnatin Nijar ta karya kuɗin siminti, ta tsai da tan ɗaya, watau buhu 20, a kan sefa 55,000 a Yamai. Bisa wannan kuɗi, buhu 15 ya haura jika 41. Ɓarawon da ya haura katanga ya ɗauki jika 41, unguwa duka za ta bi shi da ihu. Wanda ya ɗauke su ta bakin shebur, sai a ba shi kujera a kira shi Malam.

Sata ta uku ta ragwanci ce. Buhu ɗaya ba ya bukatar ruwan da ya wuce wajen lita 25. Amma kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin juyawa da zubawa, sai a yi ta kwarara ruwa har ya zama kamar kunu. Irin wannan in ya kama, ya kan zama holoƙo, samansa yana gari kamar dussa. Haka kuma yashi: mai kyau shi ne na gulbi, mai kaushi, marar laka. Wanda ya so ya gwada, ya zuba yashi cikin kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza, ya ajiye. Lakar za ta kwanta a bisa, kowa ya gani.

Ta huɗu ita ce gudu. Siminti ba bushewa ya ke yi ba, kamawa ya ke yi, da ruwa kuwa ya ke kamawa. Sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7 aƙalla, an rufe shi da buhuna ko yashi mai laima. Ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ya kan wuce awo 40, hunturu kuma iskarsa tana tsotse laima nan da nan, kankaren da aka bari ba ruwa ya mutu tun yana jariri. Ɗan kwangila kuwa ya karɓi cikon kuɗinsa tun ranar zubi, ya tafi cin wani. Ba ya ko tsayawa ya yanka layukan da a ke bari kowane mita 3 domin tsagewa ta bi ta nan, balle ya karkatar da daɓen santimita 2 cikin kowace mita domin ruwa ya nufi waje.

Uzurin da ya tsufa

"Kaya sun yi tsada." An ji wannan a Janairun 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi. An ji shi a 2019 da Nijeriya ta rufe iyakokinta, an sake jinsa a 2023. Gaskiya ne kaya su kan yi tsada. Amma mai gaskiya, in kuɗin siminti ya tashi, ya kan komo wurin maigida ya ce ga yadda kasuwa ta ke, ko a ƙara kuɗi ko a rage tsawon aikin. Ba ya yin shiru ya fanshe a cikin kwaɓi. Da kuɗin ya sauka a 2024, an ji ɗan kwangilar da ya komo da canji?

Ƙasar nan ba ta rasa magina masu mutunci ba. Falke Barmu na garin Yama, a jihar Tawa, ya soma ginin masallacin garinsu da ƙasa a 1962, aikin kuwa ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Matan ƙauye ma, ba siminti ba inji, su kan zuba tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, su yi ta bugu da madaɓi, daɓensu ya yi shekaru. Asirinsu ɗaya ne: suna zaune a garin da aikinsu ya ke. Maginin da, sunansa yana liƙe da bangon da ya gina, in ya tsage 'ya'yansa za su sha gori a kasuwa, ga kuma Sarkin Magina da za a kai ƙara wurinsa. Na yau, da yawansu ba su da kome sai babur da lambar waya, lambar kuwa ana sake ta cikin minti biyar.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Masu gida su ma suna da nasu kason. Mutum ya tara magina uku, ɗaya ya faɗi kuɗin gaskiya, ya kore shi, ya ɗauki wanda kuɗinsa bai ko isa sayen siminti ba. Ina ya ke tsammani cikon zai fito? Araha ba ta ado. Ta haka a ke kashe magini nagari da yunwa, a ƙosar da maƙaryaci. Wani ya kan riƙe kuɗin aiki har lebura su kwana da yunwa, sa'an nan ya yi mamaki da aka yi masa aikin ganin ido. Wani kuma kwana uku da zubi ya shigo da motarsa domin maƙwabta su gani, ko ya bar motar yashi ta hau. Ƙaramar mota sai bayan kwana 7, babba sai bayan 28. Wanda ya ƙetare wannan, kada ya ɗora wa kowa laifi.

Amma babban ciwo shi ne kunya. "Ɗan'uwa ne, tare a ke sujada, yaya za a ce ya sa hannu a takarda?" Da wannan magana kwamitocin majami'u da na makarantu da na ɗakunan shan magani suka zubar da kuɗin jama'a a rairayi, kuɗin da gwauraye suka tara dala-dala. In aiki ya lalace, dattawa su taru su ce a yi haƙuri, kada a ɓata zumunci. Wane zumunci? Wanda ya rage buhu 15 ya riga ya ɓata shi. Takarda ba zagi ba ce; mai gaskiya tana tsare shi, gama ranar da maigida ya so ya ƙara masa aikin da ba a yi ciniki a kansa ba, ita ce shaidarsa. Gafara kuwa ba ta hana biyan hakki. A yafe wa mutum a zuci, ya kuma ɗauko shebur ya gyara. Haƙurin da ya ke sakin macuci ya tafi gidan gaba ya maimaita, haɗa baki ne da shi a kan maƙwabci.

Tun ran gini, ran zane

Kafin a ba kowa aiki, a je a ga daɓen da ya yi wanda ya ga damina biyu, a yi magana da mai gidan ba a gabansa ba. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu: tsawo, faɗi, kauri, yawan buhuna, irin yashi da tsakuwa, ranar farawa da ta gamawa, da wanda zai ba kankare ruwa. Maigida ya sayi simintinsa da kansa, na Malbaza ne ko na ƙetaren iyaka, ya ƙi buhun da ya dunƙule, ya ajiye a ɗaki mai makulli, ya ƙidaya buhunan da aka zazzage kowace yamma. Ranar zubi ya tsaya a wurin, ko ya tsai da amintacce, da sanda mai alamar santimita 10. A biya kashi-kashi bisa ga aikin da ido ya gani. Gwamnati kanta, da injiniyoyinta da lauyoyinta, ta kan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin kwangila har lokacin garanti ya cika, wanda yawanci shekara ɗaya ne. Talakan da ba shi da kowa, don me zai miƙa nasa duka tun ba a kafa igiya ba? Ya riƙe wani abu har damina ta ba da shaida.

In kuwa ɓarna ta riga ta faru, a bambanta. 'Yar siririyar tsaga kamar gashi, wadda ba ta buɗewa, gefenta ɗaya bai fi ɗaya tudu ba, halin kankare ce. Amma inda ya lotsa, ko ya rabu, ko yana ɓarɓashewa a hannu, wannan mugun aiki ne. A ɗauki hoto, a auna kaurin inda ya karye gaban shaidu, a kira wani magini dabam ya duba, kada kuma a bar kowa ya taɓa wurin tukuna. A rubuta wa ɗan kwangila takarda, a yanka masa rana. Kada a yarda da shafe: ɗan simintin da a ke lailayawa bisa tsaga ya kan ɓare kafin shekara. Sashen da ya lalace sai a fasa shi, a gyara ƙarƙashi, a sake zubi, da kuɗin wanda ya ɓata. In ya ƙi, ga mai unguwa, ga sarki, ga kotu. In ya karɓi kuɗi ya ɓace, ga kwamisariya da jandarma.

Wannan ba sabuwar doka ba ce. Wajen shekara 1750 kafin haihuwar Almasihu, Hamurabi sarkin Babila ya hukunta cewa maginin da bangonsa ya karkace shi zai gyara shi da dukiyarsa. Dokar da Nijar ta gada daga Faransa, a aya ta 1792, ta ɗora wa mai kwangila alhakin shekara 10 idan ginin da ya yi ya rushe saboda mugun aiki. Hausawa kuwa sun taƙaita shari'ar duka tun da daɗewa: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ɗan kwangila ya ci lada. Maigidan da ya bar shi ya tafi ba askin, bai yi alheri ba. Ya wasa masa aska ne domin wuyan maƙwabcinsa.