Kafin ku sayi iri, ku ƙirga ruwanku

Mutanen Rumde Ajiya sun san ciyawar babban filin ƙwallon da ke unguwarsu. A watan Janairu na 2022, da aka buga wasu wasannin cin kofin Afirka a nan Garwa, rani ya riga ya shigo, ko'ina ya bushe, amma ciyawar filin tana nan kore shar. Ba wani asiri a ciki, ruwa ake ba ta. Saboda haka in wani ya ce muku zafin Garwa ba ya barin kome ya tsiro, ku nuna masa filin nan. Sai dai ku ba ku da injin ban ruwa. Abin da kuke da shi jarka ce da bokiti, da takardar kuɗin famfo mai jiran ku a ƙarshen wata.

Ga ra'ayina a fili. Kowane gida da ke da ƙananan yara ya kamata ya sami lambu. Amma ya zama ƙarami, na ganyen miya, wanda ruwan da gidan ke zubarwa zai iya riƙe shi har ƙarshen watan Afrilu. Babban lambun da ya mutu a watan Maris bai ciyar da kowa ba, kuma yakan sa mutum ya rantse ba zai ƙara ba.

Me ya kawo maganar lambu cikin littafin lafiya? Abin da muke gani a wurin awon yara ne ya kawo ta. Uwa ta zo da yaro, mu buɗe tafin hannunsa mu ga ya yi fari, mu ja fatar idonsa mu ga ba ja. In mun tambayi abin da ya ci jiya, sai ta ce kunu da safe, tuwo da dare. Miyar me? Kuka ko busasshiyar kuɓewa, ita ma an tsinka ta da ruwa don ta isa kowa. Yaron ya ƙoshi, amma jikinsa bai sami abin gina jini ba. Wani kuma da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe, yana laluben bango. Wannan shi ne dundumi, kuma rashin bitamin A ne ke kawo shi. Gwamnati tana ba yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 ƙwayar bitamin A sau biyu a shekara, kuma tun 2011 ana ƙara shi cikin man girki na kamfani a Kamaru. Abu ne mai kyau, kada ku bar yaranku su rasa. Amma ƙwaya sau biyu a shekara ba ta maye gurbin miya ta kullum.

Ruwan sama a Garwa yana kai wajen milimita 1000 a shekara. Ba kaɗan ba ne, mun fi mutanen Marwa samu. Matsalar ita ce kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris sai rana da ƙurar hunturu, a Maris da Afrilu kuma zafi yakan wuce digiri 40. A wannan lokaci ne ɗanyen ganye ke tsada a kasuwa, a lokacin ne kuma rijiyoyi ke ja da baya. Wato lokacin da kuka fi bukatar lambun shi ne lokacin da ya fi wuyar riƙewa.

To, ku yi lissafi. A tsakiyar zafi, fangali mai faɗin taki ɗaya da tsawon taki biyu yana shan wajen lita 15 a rana. Fangali biyar sun kusa cinye jarka huɗu masu lita 20. Wa zai ɗebo su? A yawancin gidaje amsar ita ce uwargida ko 'yarta mai zuwa makaranta. Maigida, in kai ne mai sha'awar babban lambu, ka tabbata kafaɗarka ce za ta ɗauki ruwan. Ban ga amfanin lambun da zai sa yarinya ta makara a aji ba.

Yanzu ku duba abin da kuke zubarwa. Gida mai mutum takwas, ruwan alwala kawai in an tara shi a kwano sau biyar a rana ya isa fangali ɗaya. Ga ruwan wanke shinkafa da gero da ganye. Ga ruwan ɗaurayar kwanuka na ƙarshe. Duk wannan yana bin rariya ya fita titi, ya kwanta, sauro ya yi ƙwai a ciki. Ku ajiye bokiti na kwana uku ku ga nawa ake tarawa. Abin da kuka samu, shi ne girman lambunku.

Ba kowane ruwa ba ne, a nan ina so ku saurare ni da kyau. Ruwan bayan gida da ruwan wankin tsumman jariri kada su kusanci abin da za a ci. Ba mu manta da kwalarar da ta yi ɓarna a arewacin Kamaru a 2010 da 2011 ba. Ruwan wanki mai yawan omo ko mai jabel yana ƙona tsiro, yana kuma ɓata ƙasa. Ruwan wanka mai ɗan sabulu, a kai shi gindin itace, kada a watsa kan ganye. Ruwan da aka tara a yi amfani da shi a ranar, in zai kwana a rufe shi.

Me za a shuka? A nan ne nake saɓawa da mutane da yawa. Da an ce lambu, sai hankali ya tafi kan tumatir da kabeji da karas da salak, domin su ake gani a hoton fakitin iri. Ba na ƙin su. Amma irinsu na saye ne, suna son sanyi, suna son ruwa mai yawa, ƙwari kuma suna son su. Tumatir yakan zubar da furensa in zafi ya tsananta. Salak kuwa ɗanye ake cin sa, shi ne mafi haɗari in ruwan ba mai tsabta ba ne. Ku bar wa masu lambun bakin Binuwai waɗannan, su da ke da kogi a gabansu.

Ku fara da abin da kakanninku suka sani. Alayyafo, a mako uku zuwa huɗu kun fara tsinka. Rama da yakuwa, wadda maƙwabtanmu Fulani ke kira follere, ba sa tsoron rana. Lalo da kuɓewa haka. Irinsu yana wurin maƙwabciya, kuma in kun bar gindi biyu suka yi 'ya'ya, ba ku ƙara neman iri ba. Dukansu dafawa ake yi, wuta tana kashe abin da ido bai gani ba.

Sai zogale. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, shi zan zaɓa. Yana fita daga ƙwaya ko daga reshe, cikin wata biyu zuwa uku kun fara samun ganye, in ya kafu kuma ruwa kaɗan ya ishe shi. Kuskuren da ake yi shi ne barin sa ya miƙe sama kamar sandar wuta, ganyen ya fi ƙarfin hannu. Da ya kai ƙirjin mutum ku sare kansa, zai yi rassa ya cika. A ƙasar Maraɗi gonaki guda ake yi masa ana kai wa kasuwa, mu kuwa nan sau da yawa sai dai mu gan shi a jikin danga. Amma kada a ruɗe ku da masu cewa yana warkar da kowace cuta. Abinci ne mai kyau, ba magani ba ne. Yaron da tafinsa ya yi fari, ko ƙafafunsa suka kumbura, ku kawo shi a duba, domin zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna shan jini.

Cikin 'ya'yan itace, gwanda ce abokiyar mai gaggawa. Kafin shekara ta zagayo ta fara ba ku, kuma jan cikinta yana da abin da ido ke bukata. Ku dasa uku ko huɗu, domin wasu za su fito maza ba sa haihuwa, sai a bar ɗaya a cire sauran. Ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta da damina. Mangwaro mai aure yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu, wanda aka shuka daga ƙwallo kuwa ya fi haka jimawa. Cibiyar binciken noma ta IRAD tana da gonar mangwaro da lemo a Kismatari kusa da Garwa, kuma masu sayar da dashe suna nan cikin gari. Ku tambayi mai aure, ku sa a nuna muku tabon auren a jikin dashen kafin ku biya.

Lokacin farawa yana da muhimmanci. Itace a dasa shi a Yuni, da ruwa ya zauna, sama ta yi muku ban ruwa wata huɗu kyauta. Fangalin ganye na rani a fara shi a ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Wanda ya fara a Maris ya sayi wahala da kuɗinsa.

Fangalin rani a yi shi a ƙasa kamar kwano, yadda masu albasa ke yi, don ruwa ya tsaya inda aka zuba shi. A sa shi inda rana ke samun sa da safe, inuwar katanga ko ta dogon yaro ta rufe shi da yamma. Takin akuya ko na shanu ya zama tsoho, wanda ya ruɓe, domin ɗanye yana ƙona saiwa yana kuma ɗauke da cuta. A rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Gara za ta zo ta ci, na sani, sai a ƙara wani, a kuma bar ɗan fili tsakanin ciyawar da gindin tsiron. Ban ruwa da sassafe ko da yamma. Ga wata dabara don dashen itace: ku binne tsohon tulun ƙasa har wuya kusa da shi, ku cika da ruwa, ku rufe bakin. Tulun zai riƙa tsattsafo ruwa a hankali daidai inda saiwa take, ku kuma sai bayan kwana biyu ko uku ku ƙara.

Wata za ta ce, ni haya nake, tsakar gidan ma siminti ne. Buhun shinkafa da aka cika da ƙasa da taki yana ɗaukar alayyafo da yakuwa, a sama da kuma ta ramukan da aka huda a gefensa. Matan unguwar Kibera a Nairobi sun daɗe suna ciyar da gidajensu da irin wannan buhu. Ranar tashi ki ɗora shi a amalanke tare da kayanki. Wani zai ce akuya. Gaskiya ce, akuya ɗaya tana gama aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar. Saboda haka shinge kafin shuka, ko da na karan dawa ne da ƙaya.

Abu ɗaya nake roƙon ku da shi. Nan ƙasar auduga ce, maganin feshin auduga yana yawo a hannun mutane. Kada ku fesa shi a kan ganyen da yara za su ci jibi, kada kuma ku zuba ruwa a tsohuwar robarsa. In ƙwari sun dame ku, ku daka 'ya'yan dogon yaro kamar rabin kilo, ku jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ku tace, ku yayyafa da yamma. Tsutsa kuwa a ƙaramin lambu hannu ya isa ya tsince ta.

Ganyen in ya samu, kada a dafa shi har ya yi baƙi, kada kuma a tsiyaye ruwan a zubar. A sa ɗan man gyaɗa ko dakakken ƙuliƙuli, domin bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Ɗan matsin lemon tsami yana taimakon jiki ya ɗauki abin gina jini, shayi kuwa a kan abinci yana hana shi, a jinkirta shi. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kawai. Daga nan sai a fara sa masa cokali ɗaya na garin zogale cikin kunu. Rarar ganyen damina a shanya ta a inuwa, ba a rana ba, a daka, a zuba a gwangwani mai murfi a ajiye wa watan Afrilu.