Yaranmu sun san duwatsun Amurka, ba su san Tafkin Kware ba

Duk mai latsa waya ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: magidanci a Amurka ko Turai ya kwashi iyalinsa a wata doguwar mota mai gado da kicin da banɗaki a ciki, suna bin tsaunuka da tafkuna, inda dare ya yi musu nan za su kwana. Yaranmu a Sakkwato suna kallo suna sha'awa. Amma ka tambayi ɗan sakandare a Mabera ko Runjin Sambo ko ya taɓa tsayawa bakin Tafkin Kware, wanda bai kai tafiyar awa ɗaya daga gidansu ba, sai ya yi shiru.

Wannan shirun ya kamata ya dame mu, domin ba wuraren kallo muka rasa ba. A gefen birnin nan Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suke haɗuwa, fadamarsu kore shar da albasa da shinkafa ko da rani. Akwai Tafkin Kalmalo kusa da Illela. Akwai madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984. A duwatsun yankin ne masana suka tono ƙasusuwan wata dabbar teku da ta ɓace miliyoyin shekaru da suka wuce, har suka raɗa mata suna Goronyosaurus, shaidar cewa teku ta taɓa rufe wannan ƙasa da muke kukan zafinta. Akwai kufan Surame, birnin Kanta, da ganuwarsa ta dutse. Idan aka miƙa kamar kilomita 100 zuwa Argungu, ga Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Motar ma ba ita ce matsala ba. Mu tamu motar mai ɗaki ita ce Sienna ko Sharon, da tabarma, da buta, da kular dafa-duka, da jarkar ruwa. Wanda ya taɓa kai iyali ƙauye da Sallah ya san hakan ya wadatar.

Abin da ya tsare mu a gida, na farko, tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. A Oktoban 2021 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo. A Disamban shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. Daga ƙarshen 2024 kuma sunan Lakurawa ya cika bakin mutane a Tangaza da Gudu. Babu uban da zai ɗauki 'ya'yansa zuwa kallon ruwa a hanyar da bai da tabbacin dawowa, kuma ba za mu ce masa ya yi ba. Na biyu, tsadar mai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Na uku, ko an isa wurin, sau da yawa babu inuwar zama, babu banɗaki mai tsafta da mata za su shiga, babu allon da zai gaya maka abin da kake kallo.

Wani zai ce ana fama da abin sawa a baka, wa yake ta yawon buɗe ido? Maganar tana da nauyi. Sai dai kuɗin da iyali suka kashe a irin wannan tafiya ba ƙasar waje yake zuwa ba. Yana shiga aljihun mai kwale-kwale, da mai soya kifi, da mai fura da nono, da direba. Kuma yaron da bai taɓa ganin gulbi ya cika ya janye ba, zai yi wuya ya damu ranar da aka ce yashi ya cike shi. Mutum ba ya kare abin da bai sani ba.

Don haka muna kira ga gwamnatocin Sakkwato da Kebbi da su fara da abin da za su iya. A zaɓi hanya ɗaya, misali Sakkwato zuwa Argungu, a tabbatar da sintirin jami'an tsaro a kanta, a gina wuraren hutawa biyu ko uku masu ruwa da banɗaki da wurin sallah, a damƙa kula da su ga mutanen garuruwan da kansu. A bakin Tafkin Kware a yi rumfuna, a tilasta sa rigar kariya ga duk mai shiga jirgi, domin haɗarin kwale-kwale ya cinye rayuka da yawa a yankinmu. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinta a Illela a 2024 ma, yanzu ne lokacin neman a saka wuraren hutawar matafiya cikin tsarinta, ba sai an gama zuba kankare ba.

Iyaye kuma kada mu jira gwamnati ta gama komai. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ya fi dacewa, kafin zafin Maris da Afrilu. A tambayi direbobin tasha halin hanya kafin a tashi, a fita da safe, a dawo kafin magariba. Gida biyu za su iya haɗa kuɗin mai su cika mota ɗaya. Idan ma hakan ya gagara, a sa yara gaba da yamma zuwa bakin gulbi, a nuna musu inda ruwan famfon gidansu yake fitowa.

Goronyo da Surame za su jira ranar da hanya ta yi lafiya, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da tambayar hukuma yaushe ne ranar. Kafin nan, Hausawa sun ce gani ya kori ji. A hutun makaranta mai zuwa, yaro ya ajiye waya na yini ɗaya, ya ga ƙasarsa da idonsa.