Hanyar lakwal ba ta da mai tsaro

Kowace shekara, in watan Oktoba ya kama aka koma lakwal, maganar uwaye ba ta wuce ta littafi da alƙalami da kuɗin riga. Da wuya a ji wanda ya tambayi yadda yaron zai isa aji, ko yadda zai komo gida da rai da lafiya.

A ƙaramar hukumar Hawandawaki, cikin gundumar Tasawa, kamar yadda yake a ƙauyukan Mayahi da sauran karkarar jihar Maraɗi, ba a san wata motar ɗaukar ƴan lakwal ba. Ɗan firamare ƙafarsa ce motarsa. Wanda ya ci jarrabawa ya shiga kwaleji kuwa, sau da yawa tafiyarsa ƙaruwa take yi, don kwalejin tana babban gari. Wani ya taka, wani ya hau keke ko amalanke, wani a ɗora shi bisa babur, su uku ko huɗu bayan mai tuƙi, ba mai hular kwano ko ɗaya. Ranar kasuwa abin ya fi muni: motoci sun yi lodi har sama, direba yana hanzarin ya riga abokinsa isa, yara kuma suna bin gefen hanya cikin ƙura. In hunturu ya shigo da hazo, sai an zo daf ake ganin mutum.

Ƙananan hanyoyin suna fita ne zuwa babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Maraɗi da Gazawa da Tasawa ta nufi Damagaram. Kwalta ta ratsa tsakiyar garuruwa, gidaje a wannan gefe, lakwal a wancan. Yaro mai shekara bakwai bai iya auna gudun kamiyo da ido. Yana ganin ta nesa, ya zabura, alhali ta riga ta iso.

Lissafin ba shi da wuya, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa gane shi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin daƙiƙa guda, tun direba bai taka birki ba. Mai gudun kilomita 30 mita 8 kawai take ci. Tsakanin 22 da 8 nan ran yaro yake. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke neman kada gudu ya wuce kilomita 30 inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Rahotonta na 2023 ya nuna hatsarin hanya yana kashe mutum kimanin miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Doka ba ta rasa ba. Tun 2014 Nijar ta sabunta dokar hanya, akwai kuma hukumar ANISER mai kula da kiyaye hatsari. Amma doka tana Yamai cikin takarda, yaro yana bakin hanya. Jandarma ba za su tsaya ƙofar kowace lakwal ba.

Waɗanda ke iya gyara suna cikin masu karanta wannan shafi. Motocin kasuwa na ƴan kasuwa ne. Alhajin da ya ɗora wa direbansa sawu biyu a yinin da bai ɗauki fiye da ɗaya ba, shi ya taka totur, ko da yana zaune cikin rumfarsa. Wanda ya miƙa makullin babur ga ɗansa mai shekara goma sha biyu don ya kai ƙannensa lakwal, ya yi kasada da ƴaƴansa duka a tafi ɗaya. Ma'aikaci kuma da ya sa hannu ga takardar motar da bai duba birkinta ba, ko ya karɓi ƴar goro ya ɗaga sanda, sunansa yana cikin hatsarin ko da ba a rubuta shi ba.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙauye ba: tudun rage gudu da allo a ƙofar lakwal, da izinin ma'aikatar hanyoyi, babba guda daga ƙungiyar uwayen yara da zai tsallakar da su safe da lokacin tashi, malami ya koya musu tafiya suna fuskantar motar da ke zuwa, su tsaya su duba dama da hagu, ranar kasuwa a kau da wurin lodi daga bakin lakwal.

In hatsari ya auku, a kan ce ƙaddara ce, a yi gaisuwa, a watse. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta cika motar fiye da ƙima ba. Ɗa na kowa ne, kuma wanda ke tsallaka kwalta gobe da safe yana iya zama na mai motar.

Allah ya kiyaye.