Kada Gareji Ya Cinye Zaure

Duk wanda ya ratsa Rano ko Kibiya a 'yan shekarun nan zai ga sababbin gidajen bulo inda aka rushe zaure, aka mai da gurbinsa gareji. Wannan babban kuskure ne. A zaure ake karɓar baƙi, ake karatun allo, ake sasanta rigima. Mota ba ta isa ta kore shi ba.

Abin da ya kamata shi ne a gina gareji a gefen zaure, da ƙofarsa daban. Faɗin ƙafa 12 da tsawon ƙafa 20 sun ishi a-kori-kura da babur. A ɗaga daɓen ya ɗara hanya saboda ruwan watan Agusta, a kuma bar tagogi kusa da rufi domin hayaƙi ya fita.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, wasu kan ajiye jarkokin mai a gareji, jikin ɗakin da iyali ke kwana. In gobara ta tashi da hunturu, sai yadda Allah ya yi. Lalle ne magina da masu unguwanni su tsawatar tun da wuri.